Cin Ƙwallo Daban, Cin Gari Daban: Tsokaci Kan Kalmar "Conquer"

Washegarin ranar da aka kammala gasar ƙwallon ƙafa ta gidajen kwana, wani yaro ɗan aji biyar ya same ni a ofishin malamai da takarda a hannunsa. Rahoton wasan ƙarshe ne ya rubuta da Turanci, yana so in duba masa kafin ya manna a allon sanarwa. Gidansu ne ya yi nasara da ci biyu da ɗaya, na biyun ma da bugun fenariti aka same shi. Jimlarsa ta farko cewa ta yi, "We conquered them yesterday."

Na ce masa, "Madalla, barkanku. To, yanzu ɗakin kwanansu yana hannunku ke nan? Kun tuɓe kaftin ɗinsu kun naɗa naku? Nawa kuka yanka musu na haraji?"

Yaro ya yi sororo ya ce, "Malam, ai ƙwallo ce kawai."

Na ce ya je ya gyara. Ba a jima ba ya dawo da murnarsa, ya soke waccan ya rubuta, "We won them yesterday." Wato an gudu ba a tsira ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in yi amfani da wannan fili na mujallarmu in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani, musamman 'yan aji shida da jarrabawar WAEC ke ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ra'ayina shi ne "conquer" kalma ce mai nauyi, muna ɗaukarta mu ɗora a inda ba ta da aiki, sa'an nan a wurin da ita ce kaɗai ke faɗin gaskiya sai mu bari a musanya mana ita da wata.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Da Hausa ya yi tunani, Hausa kuwa tana da wani aikatau guda mai baki da yawa, wato "ci". Da shi muke cin tuwo, da shi muke cin kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci sarauta, mu ci bashi, mu ci amana, mu ci yaƙi, mu ci gari. Wanda duk ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya duba wannan 'yar kalma mai harafi biyu zai sha mamakin yawan ma'anoninta. Idan Bahaushe ya ce "mun ci su" ya gama magana, mai sauraro ne zai gane ko a filin ƙwallo ne ko a fagen fama. Bature bai yi wa kansa wannan sauƙin ba. Ya raba aikin "ci" ga kalmomi da dama, kowace da gonarta, kuma ba ya son wata ta shiga gonar wata.

Ga yadda rabon yake a taƙaice. "Win" abin da aka samu take bi, wato kofi, ko wasa, ko zaɓe, ko kyauta. "Beat" da "defeat" wanda aka kayar suke bi. A gasar Olamfik ta 1996 a birnin Atlanta ta Amurka, Nijeriya ta ci Brazil huɗu da uku, ta ci Ajantina uku da biyu, ta ɗauko lambar zinariya. Da Turanci sai a ce, "Nigeria beat Brazil, defeated Argentina and won the gold medal." Wanda ya rubuta "Nigeria won Argentina" ya ce an ba mu ƙasar Ajantina kyauta mun sa a jaka mun taho da ita. Mai duba takarda ba zai yi dariya ba, jan biro kawai zai sa. Ita kuwa "overcome" ta fi zama da matsala, ko cikas, ko rauni, abin da muke cewa shawo kai ko fin ƙarfi. A kula, ba a cewa "overcomed". Jiya "overcame", abin da ya riga ya auku "has overcome". Haka nan "beat" ba ta canzawa a jiya, sai a ce "has beaten". Wani abu kuma, duk waɗannan kai tsaye suke faɗa wa karɓau. Mun saba da "yin nasara a kan wane", shi ya sa nake yawan ganin "conquer over" da "defeat over" a cikin insha'in ɗalibai. Babu su. "Win over" akwai ta, amma ma'anarta lallashin mutum har ya dawo ra'ayinka.

To, ina "conquer" ta tsaya? Don a gane ta sosai sai an je ƙasar masu harshen, an duba shekara guda a tarihinsu, wato 1066.

A wannan shekara Sarkin Ingila Harold ya yi manyan yaƙe-yaƙe biyu cikin mako uku. Na farko ranar 25 ga Satumba a wani wuri da ake kira Stamford Bridge kusa da birnin York, inda ya gamu da rundunar Sarkin Norway, Harald Hardrada. Mutanen Ingila suka yi musu kaca-kaca, shi kansa Sarkin Norway aka kashe shi. Ragowar da suka tsira, har da ɗan sarkin, Harold ya sa suka yi rantsuwa ya bar su suka shiga jiragensu suka koma gida. Bai bi su ba, bai taɓa ko taku ɗaya na ƙasarsu ba. Duk littafin tarihin da ka buɗe cewa zai yi Harold "defeated" su. Babu mai cewa "conquered".

Kwana uku bayan wannan, William, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya sauka da rundunarsa a gaɓar kudu. Harold ya juyo da mutanensa a gajiye, tafiyar sama da kilomita 300, aka gwabza a Hastings ranar 14 ga Oktoba. Harold ya mutu a fagen fama. Da a ce William ya kwashi ganima ya koma Normandi, da shi ma "defeated" za a ce. Amma bai koma ba. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka naɗa shi Sarkin Ingila a Westminster. Ya giggina ganuwoyi da gidajen tsaro, cikinsu har da Hasumiyar Landan da take tsaye har yau. Da mutanen arewacin ƙasar suka yi bore a 1069, ya ƙone musu gonaki da garuruwa, yunwa ta kashe ɗimbin jama'a. Ya karɓe filayen manyan ƙasar ya raba wa yaransa. A 1086 ya aika ma'aikata gari gari suka rubuta wa ke da wace gona, garma nawa, dabbobi nawa, domin ya san abin da zai karɓa. Wanda ya taɓa jin labarin ƙidayar jangali daga bakin kakansa ya san irin wannan aiki. Shi ya sa har gobe sunansa William the Conqueror, kuma idan Baturen Ingila ya ce "the Conquest" bai ƙara komai ba, 1066 yake nufi.

Bambancin ke nan. "Defeat" aikin yini guda ne, a kara a watse. "Conquer" kuwa kayarwa ce da ƙarfi, sa'an nan a zauna, a riƙe, a mallake. Shi ya sa abin da ta fi bi shi ne ƙasa, ko gari, ko al'umma. A Hausa "cin gari da yaƙi" shi ne ya fi kusa da ita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ita kanta kalmar ganimar wannan yaƙi ce. Kafin zuwan mutanen Normandi babu ita a Turanci. Da Faransancinsu suka shigo da ita, su ma daga Latin suka gada, daga wata kalma mai nufin nema har a samu. Tushenta ɗaya da "question" da "request" da "acquire", dukansu akwai nema a ciki. Shekaru kusan ɗari uku Faransanci ne harshen fada da na shari'a a Ingila, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Har yanzu tabon yana nan a bakinsu. Dabba tana raye a hannun makiyayi talaka sunanta "cow" ko "sheep", kalmomin gida. Da zarar an dafa an kai teburin masu mulki sai ta koma "beef" ko "mutton", kalmomin Faransa. "Win" da "beat" da "overcome" 'yan gida ne tun asali, "defeat" da "conquer" baƙi ne. Wato mutanen Ingila sun koyi sunan abin ne daga bakin waɗanda suka yi musu shi. Tun da muna kan kalmar, a gyara furuci: "conquer" ana faɗinta kamar "konka", babu sautin "w" a ciki, amma a "conquest" ana jin sa, "konkwest".

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, "Malam, ai Turawan ma suna faɗa. Jaridunsu na wasanni kullum cewa suke wane kulob ya yi 'conquer' ɗin Turai." Gaskiya ne, kuma ban ce harshe dutse ne da ba ya motsi ba. Amma a lura da abin da kalmar ta bi a wannan jimla. Turai ta bi, wato nahiya, kamar a ce kulob ɗin ya zama sarkin yankin har shekara ta zagayo. Siffantawa ce, kuma ta tafi da ainihin ma'anar. Ɗan jarida yana da lasisin zuzutawa don ya sayar da jarida. Kai da kake rubuta wa mai ba da maki ba ka da shi.

Turawan ma wani lokaci suna wuce gona da iri. Ranar 29 ga Mayu 1953 Edmund Hillary ɗan ƙasar New Zealand da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa, suka zama na farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar dutsen Everest. Labarin ya isa Landan daidai da bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, aka yi ta shelar an yi "conquer" ɗin dutsen, har fim aka yi da wannan suna. Minti nawa suka yi a saman? Kimanin goma sha biyar, suka gangaro don kada iskar shaƙarsu ta ƙare. Dutse yana nan inda yake, kuma mutanen da suka mutu a kansa sun haura 300. Ban raina jarumtakarsu ba, ni da ko dutsen bayan makaranta sai na huta sau biyu. Amma wanda ya leƙa gidan sarki ya fito a guje bai ci gari ba. "Climbed" ta ishe su.

Inda siffantawar ta zauna daram shi ne batun cutar agana. Tsofaffinmu sun san ta, wasunsu da zanenta a fuska suka tafi kabari. Aka bi ta da lamba ƙasa ƙasa, ƙauye ƙauye, har aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a Somaliya a 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi shelar ƙarewarta a 1980. Wannan kam an ci ta kuma an riƙe. Zazzaɓin cizon sauro kuwa kowace damina sai ya dawo. Wanda ya sha magani ya warke ya iya cewa "I overcame it", amma kada ya ce "conquered", gidan sauronsa na nan rataye yana ƙaryata shi. Haka abin yake ga tsoro ko fushi. "He conquered his fear" na nufin tsoron ya zama bawansa daga yanzu. Idan ranar muhawara kaɗai ka daure ka hau dandamali ƙafafunka na rawa, "overcame" ce taka.

Duk wannan maganar maki ce, maki kuwa ana iya ramawa. Abin da ya fi damuna yana cikin darasin tarihi, inda zaɓen kalma guda ke sauya labari gaba ɗaya.

Mutanen Habasha sun san haka. Ranar 1 ga Maris 1896 rundunar Sarki Menelik na Biyu ta ragargaza sojojin Italiya a Adwa. "Defeated" ke nan, don Habasha ba ta je ta mulki Roma ba. Bayan shekara arba'in Italiya ta dawo da jiragen sama da iskar guba, ta shiga Addis Ababa a 1936, aka fitar da ita a 1941. Mutanen Habasha ba su yarda a kira wannan "conquest" ba. Cewa suke "occupation", wato mamaya, domin a cewarsu mayaƙansu ba su taɓa ajiye makami ba cikin shekarun nan biyar. A kan wannan bambanci suke kafa alfaharinsu na cewa ba a taɓa yi musu mulkin mallaka ba.

Mu namu ya zo a juye. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano da igwa suka shiga, Sarki Aliyu Babba ba ya gari. Daga baya aka kama shi aka kai shi Lokoja, can ya rasu. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, aka bi shi har Burmi, a cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda aka kashe shi da ɗaruruwan mabiyansa ranar 27 ga Yuli. Aka naɗa sababbin sarakuna, aka ba su takardar naɗi, aka rantsar da su a kan biyayya ga Sarkin Ingila. Ikon haraji da na ƙasa ya koma hannun Gwamna. A ɗora wannan a kan abin da William ya yi a Ingila, a gaya mini inda suka bambanta.

Amma a cikin rahotanni da littattafai da yawa na zamanin mulkin mallaka, sunan da aka ba irin wannan aiki shi ne "pacification", daga aikatau "pacify". Tushenta kalmar Latin ce mai nufin zaman lafiya. Ita ce kalmar da ake amfani da ita idan uwa na rarrashin jariri mai kuka, har ma robar nan da ake sa wa jariri a baki mutanen Amurka "pacifier" suke ce mata. Dubi abin da wannan kalma ta yi. Ta mai da mai igwa mai rarrashi, ta mai da wanda ke kare garinsu mai rigima. Sau da yawa kuma akan haɗa ta da irin jimlar nan mai ɓoye aikau, a ce "the district was pacified", ba a faɗi wa ya yi ba, ba a faɗi da me ba. Na sha ganin ɗalibai sun kwafe wannan jimla daga tsohon littafi sun zuba a takardar jarrabawa, suna jin sun yi babban Turanci, alhali kakanninsu suke kira jarirai.

Abin mamaki, shi Lugard da kansa bai ɓoye ba lokacin da yake magana da waɗanda abin ya shafa. A jawabin da ya yi a Sakkwato ranar 21 ga Maris 1903, wajen naɗa sabon Sarkin Musulmi, hujjar da ya kafa ita ce Fulani da yaƙi suka sami ƙasar, yanzu kuma an ci su da yaƙi, saboda haka duk ikon da ke hannunsu ya koma hannun Ingila. A gaban sarakuna "conquest" ce, domin ita ke ba da iko. "Pacification" ta masu karatu ce a gida, domin ita ke wanke hannu. Da masana tarihi na Nijeriya suka fara rubuta nasu, kalmar suka fara gyarawa. Farfesa Obaro Ikime ya sa ta ƙiri-ƙiri a sunan littafinsa na 1977, The Fall of Nigeria: The British Conquest.

Kada wani ya ɗauka ina so a riƙa jifan Bature kaɗai da kalmar. Ba ta da ɓangare, kuma a nan Lugard bai yi ƙarya ba. Abin da rundunar masu jihadi ta yi wa Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, shi ma "conquest" ne a Turanci, haka nan abin da sarakunan Hausa suka riƙa yi wa junansu da maƙwabtansu kafin nan. A makaranta irin tamu, inda jikokin waɗanda suka ci da jikokin waɗanda aka ci suke zaune a benci ɗaya, ba daidai ba ne ɗalibi ya ce na wasu "conquest" ne, nasu kuwa "expansion" ko "unification". Idan an shiga da makami, an kayar, an zauna, an karɓi haraji, sunan aikin ɗaya ne ko wa ya yi shi. Ko an kyauta ko ba a kyauta ba, wannan muhawara ce ta daban, a yi ta a sakin layi na gaba da hujjoji.

Ga misali na ƙarshe ga mai shirin amsa tambaya kan wannan zamani. Akwai wani ƙauye kudu da Sakkwato mai suna Satiru. A watan Fabrairu na 1906 mutanensa, akasarinsu talakawa da bayin da suka gudo, riƙe da fartanya da gatari, suka auka wa wata ƙungiyar sojan doki ta gwamnati, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. A wannan rana mutanen Satiru "defeated" sojojin Ingila, kuma ɗalibi ya rubuta haka ba tare da shakka ba. A watan Maris aka dawo da babbar runduna da bindiga mai ruwa, tare da dakarun Sarkin Musulmi. Masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 2,000. Aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, ba a sake gina shi ba. Idan tambaya ta fito a kan Satiru, duk kalmar da ɗalibi zai zaɓa wa abin da ya faru a watan Maris, roƙona kada ta zama "pacified", kuma ya rubuta jimlar da aikau a gaba, a san wa ya yi.